Wayar gem a zafin Garwa: tambayoyin da ake kawo mini rumfa

Gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a nan Garwa, arewacin Kamaru. Da la'asar bencin da ke gabana ba ya rabuwa da samari, wasu gyara suka kawo, wasu kuwa cajin banza suka zo ci. Hirarsu ba ta wuce biyu, ƙwallo da gem, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Har na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na ce bari in rubuta su wuri guda.

Tambaya: Yaya, na tara 'yan kuɗina ina son wayar da za ta ja Free Fire da PUBG ba ta shaƙe ba. Me zan fara dubawa?

Amsa: Injin da ke cikinta, wato firosesa. Kwalin waya kamar ɗan talla yake, abin da zai ja ido shi yake ɗagawa: kyamara mai megafiksel 108, batir 5000, allo ƙato. Sunan injin kuwa sai ka juya bayan kwali ka ƙura ido. Alhali shi ne ke zana kowane gida da kowane ɗan bindiga da kake gani a allon.

Yawancin wayoyin da ke hannunmu Tecno ne da Infinix da itel, kuma duk ukun 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Saboda haka gardamar da ake yi a bencina, wai Infinix ta fi Tecno, ba ta da tushe sai an faɗi injin da ke cikin kowace. Idan ka ga Helio A22 ko Unisoc SC9863A, wayar kira ce da WhatsApp, kada ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Helio G85 zai ja Free Fire lafiya lau, ya lallaɓa da PUBG in ka rage kyan hoto. Helio G99 da ya fito a 2022 ya fi shi nesa, ba don gudu kaɗai ba. An ƙera shi da fasahar nanomita 6, G85 kuwa nanomita 12 ne, kuma duk lokacin da lambar nan ta ragu, injin kan rage cin batir da ɗaukar zafi. Ga mutumin Garwa wannan ba ƙaramar magana ba ce, zan zo kanta.

Wasannin ma ba nauyinsu ɗaya ba. Garena, kamfanin Singafo, ya fitar da Free Fire a 2017 da ƙananan wayoyi a ransa: mutum 50 a fili, a gama cikin kamar minti goma. PUBG Mobile da ya zo a 2018 mutum 100 yake zubawa a fili mai faɗi, wasa ɗaya ya kan kai rabin awa. Wanda wayarsa ba ta da ƙarfi ya tsaya a na farkon, ba abin kunya ba ne.

Tambaya: An ce mini waya tana da RAM 16, amma a kwali an rubuta 8+8. Ɗaya ne?

Amsa: A'a, takwas gare ka. RAM shi ne wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Ɗayar takwas ɗin aro ce aka yanko daga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, kuma ma'ajiya ba ta da saurin RAM na gaskiya. Tana taimakawa kaɗan wajen barin manhajoji a buɗe a baya, amma ba ta ƙara wa gem gudu. Yi ciniki a kan lambar farko.

Tambaya: Wayata tana fara wasa sumul, bayan minti ashirin sai ta ɗau zafi ta fara tsalle-tsalle. Ta lalace ne?

Amsa: Ƙalau take, kanta take karewa. A cikin kowace waya akwai ma'aunin zafi. Da zarar injin ya kai wani mataki, wayar da kanta take rage masa gudu don kada ya ƙone, nan ne hoto ke fara yankewa. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an yi iPhone ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyin ma ba su yi nisa da haka ba. To, a watan Maris da Afrilu, Garwa da Marwa da Njamena suna haura digiri 40 a inuwa. Ka ga ke nan tun kafin ka buɗe gem ɗin, iskar da ke kewaye da wayar ta riga ta wuce iyaka. Wanda ya gwada wayar a ɗaki mai sanyi a Turai ya yabe ta a YouTube bai yi ƙarya ba, garinmu ne bai sani ba. Mutanen Ngawundere, da Allah ya ba su tudu da sanyi, sun fi mu sauƙin wannan.

Abin da ya fi kashe waya a nan shi ne wasa tana kan caji. Na san dalili: idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da rani, wuta kan yi wuya, da an kawo ta kowa sai ya maƙala waya ya ci gaba da harbi. Amma caji zafi ne, gem zafi ne, gari zafi ne, uku sun haɗu a kan batir ɗaya. Watan jiya wani yaro ya ajiye mini waya a tebur tana lilo kamar kwale-kwale, ba ta zama daidai. Da na buɗe, batirin ya kumbura kamar an soya fanke, har ya ɗago murfin baya, gam ɗin ya saki. Wata goma kacal da sayenta. Na tambaye shi yadda yake wasa, ya ce a kwance, waya cikin rigarta ta roba, caja a jiki, wani lokaci a kan katifa. Batirin da ya kai haka ba a matsa shi, ba a huda shi, canzawa ake yi, don yana iya kamawa da wuta.

Abin yi ba shi da tsada. Cire wa waya riga in za ka yi wasa. Rage hasken allo, shi ma yana dafa ta. Shiga saitin gem ɗin ka sauke kyan hoto zuwa na ƙasa. Ciyawa za ta yi muni, amma hannunka zai riga na abokin gaba. Caja ta tukuna, ka cire, sannan ka shiga fili. Wasu wayoyin Infinix na baya-bayan nan suna da tsarin da ke kai wuta kai tsaye ga injin ba tare da ta bi ta batir ba lokacin wasa, in taka tana da shi, kunna. Kuma don Allah a daina saka waya a firji. Idan ta fito, raɓa ce ke taruwa a cikinta kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi, ni kuma nake ganin tsatsar bayan sati biyu. Ajiye ta a kan siminti a inuwa na minti biyar ya wadatar.

Tun da ana maganar yanayi: da hunturu, rabin wayoyin da ake kawo mini wai sun daina caji, ƙura ce ta toshe ramin caja. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali, ban da allura.

Tambaya: Rezo ya cika, 4G ne, amma in na harbi mutum sai in ga ni na faɗi. Mene ne wannan lambar da ke yin ja a gefen allo?

Amsa: Ita ce fing, lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka ya je kwamfutar da ke riƙe da wasan ya dawo. Da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sandunan rezo kuwa tsakaninka da eriyar unguwa kawai suke nunawa, ba su san abin da ke gaba ba.

Gaban kuwa tafiya ce. Kwamfutocin manyan wasannin nan galibi suna Turai, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu. Harbinka zai bar Garwa ya bi wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa ya gangara kudu har bakin teku, inda manyan wayoyin cikin ruwa suka sauka: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, wasu a Kiribi. Daga nan ya bi gaɓar Afirka ta Yamma ya haura. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kamar kilomita 200 a kowane milisakan. In ka ƙaddara tafiyar kilomita 7,000 ce zuwa Turai, zuwa da dawowa 14,000 ke nan, milisakan 70 sun tafi tun kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya da cunkoson eriya. Yaron da ke zaune a Faransa yana wasa da 20. Shi ya sa ya gan ka kafin ka gan shi. 'Yan'uwanmu na Chadi tasu tafiyar ta fi tsawo, don ƙasar ba ta da teku, intanet ɗinta ta Kamaru da Sudan yake shigowa. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa intanet ya rikice a ƙasashe da yawa har da namu, ya ga yadda muke rataye da su.

Nisa ba ka da iko a kansa, cunkoso kuwa kana da dabara. Bayan isha'i kowa na kan TikTok, eriya ta cika. Da sassafe fing ya fi sauka. Kashe sabunta manhajoji da ke gudana a ɓoye, kuma kada ka raba wa mutum huɗu intanet kana wasa. Ban cewa MTN ya fi Orange ko Camtel, ko Airtel ya fi Moov a can Njamena, don abin ya danganta da eriyar da ke kusa da gidanku. Ari layin aboki ka gwada a ɗakinka. Manhajojin da ke cewa suna rage fing kuwa, yawancinsu talla kawai suke nuna maka, VPN ma sau da yawa ƙara wa saƙon zagaye yake yi.

Tambaya: Gem ne ke cinye mini forfe, wato datar da nake saya?

Amsa: Wasan kansa ba ya ci sosai, yawanci awa guda ba ta kai megabait 100 ba, don hotunan suna cikin wayarka, bayanin motsi kawai ake aikawa. Masu cin kuɗin su ne saukewa da sabuntawa, waɗanda ke haura gigabait, sai kallon bidiyon wasu suna wasa. Yi sabuntawa da forfen dare ko inda akwai Wi-Fi.

Tambaya: Wani ya turo mini GTA 6 na Android a WhatsApp, wani kuma ya ce akwai shafin da ke ba da diyamon, kuɗin cikin Free Fire, kyauta. In shiga?

Amsa: Kul! Kamfanin Rockstar, mai GTA, ya nuna tallan farko na GTA 6 a Disamba 2023, ya kuma ce na PlayStation 5 ne da Xbox Series, bai ambaci waya ba. Ko GTA 5 da ya fito tun 2013 kamfanin bai taɓa yin na waya ba. Tsofaffi irin su GTA San Andreas ne ke da na waya na gaskiya. Abin da aka turo maka ko dai tarkacen talla ne, ko manhajar da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, kuma ta saƙo lambobin Orange Money da MoMo ke shigowa.

Na diyamon ya fi ciwo. Shafin zai yi kama da na Garena sak, ya ce ka shiga da Facebook ɗinka. Kana rubuta lambar sirri, ka miƙa musu makulli. Na ga saurayi mai gemu yana share hawaye a bencin nan saboda asusun shekara uku da ya zuba wa kuɗin acaɓarsa ya tafi cikin minti ɗaya, ɓarawon kuma ya bi 'yan'uwansa a Messenger yana roƙon kuɗi da sunansa. Kunna tabbaci mai mataki biyu a Facebook da Gmail yau ɗin nan. Diyamon da UC (kuɗin cikin PUBG) kuwa, a cikin wasan ake saye ko wajen dillalin da ka san rumfarsa, kuma lambar ɗan wasa kawai yake bukata, ba lambar sirri ba.

Tambaya: Ina gem ɗin ƙwallo na FIFA ya shiga?

Amsa: Suna ta canza. Kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, tun 2023 wasan ya koma EA Sports FC, na waya kuma FC Mobile. PES ma Konami ya mai da shi eFootball a 2021. Amma je ka ɗakin PlayStation na unguwa ka ji, har gobe “a sa mana PES” ake cewa, ana rigima a kan manet mai lafiya, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan. Mai ƙaramar waya ya nemi Dream League Soccer, ya fi su sauƙin nauyi.

Tambaya: Akwai gem ɗin da 'yan Kamaru suka yi?

Amsa: Akwai. Kiro'o Games da Olivier Madiba ya kafa a Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, wasan kwamfuta na wani sarki da sarauniyarsa da aka yi wa juyin mulki suna fafutukar ƙwato gadonsu, da sutura da zane irin na Afirka. Samarin bencina sun san sunan kowace bindiga a PUBG, amma da na ambaci wannan sai suka yi zuru.

Tambaya: Malam, ɗana ba ya ajiye waya, har abinci sai na yi faɗa. Ciwo ne?

Amsa: Hajiya, yawan wasa kaɗai bai zama ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a saba ganin haka kamar shekara guda. Ki duba barcinsa da sallarsa da makarantarsa. Wata dabara kuma: wasannin nan ba a tsayar da su a tsakiya, in ya fita ya bar abokansa a fili. Maimakon “ajiye yanzu”, ki ce “in wannan ya ƙare, shi ke nan”. Na Free Fire minti goma ne. Da dare kuma wayar ta kwana a ɗakinki.

Tambaya: Kuɗina ba su kai sabuwa ba. In sayi okaziyo?

Amsa: Saya, tsohuwar babbar waya ta kan fi sabuwar ƙarama jan gem. Amma kada ka biya a tsaye. Danna *#06# ka ga ko lambar IMEI ta dace da ta kwali, in akwai kwalin. Sa mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, in ya fara kame-kame, ka kama gabanka, wataƙila ta sata ce. Sauke manhajar CPU-Z ka ga sunan injin da idonka, don akwai jabun da ake rubuta musu ƙarya a saiti. Kwantar da ita a kan tebur ka ga ko tana lilo. Sannan ka roƙi minti goma sha biyar, ka zauna nan a bakin rumfar da tsakar rana, ka buɗe gem ka buga wasa ɗaya cikakke, kana duban kashi nawa batirin ya sauka, kana kuma taɓa bayanta kusa da kyamara.