Tambayoyi kan zaɓen arbarakam ga mai son ƙara wa injin V ƙarfi

Mene ne aikin arbarakam ɗin?

Sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi-ƙusumbi, ita ke tura supap, wato ƙananan marufan da ke kan silinda, su buɗe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Bilbirkan, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, in ya yi juyi biyu, ita ta yi ɗaya. Injin V8, mai silinda takwas a layi biyu masu siffar V, na Amurka irin na Chevrolet arbarakam guda ɗaya gare shi, kwance a tsakiyar V ɗin. Amma V8 mai lita 4.7 na Land Cruiser 100, wanda ya cika garejin Yamai, guda huɗu gare shi da supap 32. Kuɗin canjin ba ɗaya ba ne.

Waɗanne lambobi zan duba a takardarta?

Uku ne. Akwai nisan da take ɗaga supap. Akwai daɗewar supap a buɗe, wadda ake aunawa da digirin juyin bilbirkan daga lokacin da ta ɗagu inci 0.050, kusan milimita 1.27. Sai kusurwar da ke tsakanin ƙusumbin shiga da na fita, galibi daga digiri 106 zuwa 114.

A kan lamba ta biyu, wato daɗewar, mutane suka fi yin asara. In daɗewar ta yi yawa, ƙarfin injin yana ƙaura zuwa sama, sai ya wuce juyi 4000 a minti kafin ya farka. A V8 na Amurka, digiri 210 zuwa 220 ya ishi motar yau da kullum. Da an haura 230, ralanti, wato juyin injin in ba a taka totur ba, ya fara rawa, zuƙar iskar da ke taimaka wa birki ta ragu, sai ka ji fedal ya yi tauri a ƙafarka. Matsattsiyar kusurwa, kamar 106, tana ƙara wannan rawar.

To ai wannan gurnanin nake so.

Gurnanin da daɗin ji, gaskiya ne. Amma ina motar za ta yi aiki? Wanda ke fama da cunkoson Katako da rana, ko yake ratsa yashi bayan Tawa, ƙarfin ƙasa yake bukata, tsakanin juyi 1500 da 3500. Nan babbar arbarakam, wato mai daɗewa da yawa, take barin mutum. Ni dai in lambobi biyu suka raba maka hankali, ƙaramar nake ce maka ka ɗauka.

Ita kaɗai zan canza?

A'a. Resor ɗin supap, wato ƙarafan da ke mayar da su su rufe, dole su dace da ita, in ba haka ba supap ba za ta rufe a kan lokaci ba. Sa makaniki ya manna ɗan yumɓu a kan fistan, ya ɗora kilas, wato kan injin, ya juya injin da hannu, ya auna kaurin da ya rage. In babu isasshen rata, fistan zai daki supap. Injin zamani kuma sai an sake saita kwamfutarsa.

Zafin watan Afrilu fa?

Idan ya wuce digiri 40, injin mai matsi sosai da aka sa wa arbarakam mai gajerar daɗewa yakan yi ƙwanƙwasa, musamman da man bakin titi na kwalba. A lissafa matsin injin da irin man da za a riƙa sha tun kafin a yi oda.