Waiwaye: yadda masu tsara rawar zamani suka koma masu tambaya

In ka saurari hira da masu tsara rawar zamani, irin rawar nan ta dandamali da ake yankar tikiti a zauna a kalla, da kyar zaka ji sun ambaci taku ko juyi. Sai kaji mutum yana cewa shi bincike yake yi, ko yana da wata tambaya da yake son jiki ya amsa masa, ko kuma wai shi bai koyawa kowa komai ba, tare da 'yan rawarsa suka gano abin. Wasu na ganin iyayi ne kawai. Akwai iyayin kam, amma maganar tana da asali.

A da can abin a fili yake, maigida ya tsara, yara su kwaikwaya. A Faransa sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa ta fada a 1661, kuma a 1700 wani Feuillet ya buga tsarin rubuta rawa a takarda, inda ake zana hanyar da ƙafa zata bi a filin rawa kamar taswira, mutum yana wani gari zai iya karantawa ya koya. A wannan tunanin rawa taku ce, wanda ya jera takun shi ne mai ita. Bale, wato rawar gargajiyar dandamalin Turai, ya daɗe a haka.

Farkon ƙarni na 20 ne aka fara bore. Isadora Duncan 'yar Amurka ta cire takalmi ta hau dandamali ƙafa ba komai, ta kuma riƙa tsayawa gaban jama'a tana bayanin dalilinta, kaga tun daga nan rawa da bayani suka fara tafiya tare. Martha Graham da ta kafa ƙungiyarta a 1926 ta gina komai akan numfashi, a tsuke ciki a saki, Doris Humphrey kuma tata maganar faɗuwa ce da tasowa. Sai dai duk da boren, tsarin gidan bai canza ba, har yanzu mutum ɗaya ne mai basira, sauran jikinsu ne ake aro. Rudolf Laban ya fito da nashi tsarin rubuta motsi a 1928, ana amfani da shi har yau amma 'yan rawa kaɗan ne suka iya karanta shi.

Wanda ya fara kwance wa "basira" zani a kasuwa shi ne Merce Cunningham. Ya kafa ƙungiyarsa a 1953, shi da abokinsa mai tsara kiɗa John Cage suka riƙa aiki da ƙuri'a. Zai rubuta jerin motsi a takarda, sannan ya jefa kwabo sama, kwabon ne zai faɗi wane motsi ke biye da wane, ina mai rawa zai fuskanta, mutum nawa za su shigo. In kwabo yace daga tsalle sai kwanciya to sai a nemo yadda jiki zai yi hakan ko da bai saba ba. Kiɗa ma daban ake haɗa shi, tsawon lokaci kawai aka yi yarjejeniya akai, sau da yawa 'yan rawan basa jin kiɗan sai ranar wasa. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne, in ka bar wa kanka zaɓi kullum abinda ka saba zaka maimaita.

A 1962 wasu matasa a Niyok suka fara nuna ayyukansu a cocin Judson, su kuma suka ce to ai tafiya ma rawa ce, ɗaukar katifa daga nan zuwa can ma rawa ce. Ɗaya daga cikinsu, Yvonne Rainer, ta rubuta wata gajeriyar sanarwa a 1965 wadda kusan duk layinta da "a'a" ya fara, a'a ga burgewa, a'a ga nuna gwaninta, a'a ga jan hankalin ɗan kallo. Trisha Brown a 1970 ta sa aka ɗaure wani mutum da igiya ya sauko daga saman bene yana taka bango kamar yana tafiya a ƙasa. Daga wajen su ne aka gaji al'adar ba mai rawa aiki maimakon taku, a ce masa ga ƙa'ida, ga abinda zaka yi, yadda zai fito kuma ya rage naka.

Ni a ganina Pina Bausch ce ta fi kowa juya maganar. Ta karɓi ƙungiyar rawa ta Wuppertal a Jamus a 1973, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ta koma aiki da tambayoyi zalla. Tana zaune bayan tebur da takardunta, ta jefo tambaya akan ƙuruciya ko tsoro ko soyayya, kowane ɗan rawa ya fito ya bada amsa, wani da baki wani da jiki, ita dai tana kallo tana rubutawa bata cewa yayi ko bai yi ba. A shafe makonni a haka, tambayoyi su taru da yawa, daga baya ta tsinci 'yan kaɗan ta jera. An san ta da cewa yadda mutane ke motsi bai dame ta ba, abinda ke motsa su take nema. To amma duba fa, in amsar daga rayuwar ɗan rawa ta fito, labarin uwarsa ne ko na rabuwar aurensa, rawar ta waye?

Tambayar nan bata tsaya a falsafa ba, ta kai kotu. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ce ta sa tsarin rawa cikin abubuwan da take karewa kai tsaye. Bayan rasuwar Graham a 1991 aka yi shari'a tsakanin magajinta da cibiyar da ke ɗauke da sunanta, a 2002 kotu tace yawancin rawoyin na cibiyar ne, domin matar ma'aikaciyar cibiyar ce lokacin da ta tsara su. Wato ita kanta uwar gayyar bata mallaki abinta ba, balle 'yan rawa.

Daga shekarun 1990 kuma magana ta hau dandamalin da kanta. Xavier Le Roy, Bafaranshe da yayi digirin digirgir a kimiyyar halittu kafin ya koma rawa, ya riƙa yin wasa mai kama da lacca. Wani mai tsara rawa, Jérôme Bel, a 2004 ya ɗauko Véronique Doisneau, wata 'yar bale ta gidan opera na Paris da ta kusa ritaya, irin waɗanda ke cika sahu a bayan tauraruwa, ya tsayar da ita ita kaɗai a wannan ƙaton dandamalin. Ta faɗi shekarunta da albashinta, sannan ta nuna rabonta a wani shahararren bale, kiɗa na tashi ita kuwa tana tsaye cak hannu a sanƙame na tsawon lokaci, domin aikinta kenan a wurin, ta zama ado. Wannan kam ya fi min dogon rubutu goma akan matsayin mai rawa.

Sai dai a wannan zamanin ne harshen ya yi nauyi. Jami'o'i sun buɗe digiri akan rawa, masu bada tallafi suna son takardar bayani kafin a ko ɗaga ƙafa, dole mai tsara rawa ya koyi rubuta firofozal. Wani bayanin sai ka karanta sau uku baka gane ba, ka shiga zauren kuma ka tarar mutum biyu ne ke birgima a hankali. Amma akwai masu yi da gaske. Mai tsara rawa William Forsythe ya fitar da faifan kwamfuta a 1999 yana nuna yadda yake zana layuka a iska da gwiwar hannu da kafaɗa. Germaine Acogny a Senegal, wadda ta jagoranci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977 kafin ta kafa tata a Toubab Dialaw, tana koyar da salonta daga ƙashin baya, da siffofin da ta ɗauko daga itatuwa irin su kuka da rimi, ba sai ta aro kalmomin Turai ba.

Intanet ta ƙara dagula lissafin. A 2011 Anne Teresa De Keersmaeker 'yar Beljiyam ta zargi mawaƙiya Beyoncé da kwashe motsin rawarta ta 1983 a wani bidiyo ba tare da izini ba, bayan shekara biyu kuma ita da kanta ta ɗora darasin wani ɓangare na rawar a intanet tace kowa ya koya yayi nashi ya turo. Yanzu takardun wasa da yawa suna rubuta cewa an tsara tare da 'yan rawa, a jera sunayensu da ƙananan baƙi, amma sunan da ke saman fosta da wanda ake kira a hira har yanzu yawanci guda ɗaya ne.