Mene Ne Konfulawa, Kuma Me Zai Iya Maye Gurbinsa?

Sau da yawa mace za ta ga "konfulawa" a bayanin girki, sai ta ɗebo garin masarar tuwo ta zuba, miya ta fito da tsaki-tsaki. Ba abu ɗaya ba ne. Konfulawa zallan sitaci ne da ake cirewa daga cikin ƙwayar masara bayan an jiƙa, an markaɗa, an tace, an raba shi da dusa. Shi ya sa yake fari tas, in kin murza shi tsakanin yatsu har ƙara yake yi.

Aikinsa kauri. Sitaci in ya ji zafi cikin ruwa sai ya sha ya kumbura, romo ya kama jikinsa. Amma a dama shi da ruwan sanyi tukuna, don in ya faɗa tafasasshen ruwa a bushe, gudaji zai yi.

To, tunda sirrin sitaci ne, ba dole sai na masara ba. Fulawa tana yi, sai dai cokali 2 a madadin cokali 1, kuma a bar ta ta dahu sosai, in ba haka ba ɗanyen ƙamshinta zai fito, romon kuma ba zai yi sheƙi ba. Garin shinkafa ma ninki biyu ne, kuma wajen soya kaza ya fi ba da ƙamas-ƙamas. Sitacin rogo na girki yana ba da sheƙi da ɗan danƙo, amma in ya daɗe yana tafasa sai ya tsinke, don haka a zuba shi dab da saukewa.

Wanda na fi so kuwa a ɗakin girkinmu yake: gasarar koko. Wannan ƙullin da ya kwanta a gindin bokiti bayan an tsiyaye ruwa, yawancinsa sitaci ne. In ba ta yi tsami ba, cokali guda ya isa ya ɗaure romon kifi. Garin kastad ma konfulawa ne da aka sa wa kala da ƙamshi, Alfred Bird ya fara haɗa shi a Ingila a 1837 saboda ƙwai ba ya karɓar matarsa. Ya dace da kayan zaƙi, amma kada ya shiga farfesu.

Kuka da kuɓewa da karkashi kuwa yauƙi suke kawowa, nasu aikin daban ne, ba za su yi a kek ko biskit ba.