Kalsotada: Cin Gasasshiyar Albasa a Kataloniya

Kalsotada, wadda mutanen Kataloniya ke rubutawa calçotada, al'ada ce ta taruwar dangi da abokai a lokacin hunturu don gasa wata irin albasa mai lawashi a ci tare. Ana kiran albasar calçot, a furta ta "kalsot". Cibiyar al'adar ita ce garin Valls da ke gundumar Alt Camp a lardin Tarragona, arewa maso gabashin Sifaniya. Daga can ta bazu zuwa Barsalona da sauran sassan Kataloniya. Kakarta na farawa daga Nuwamba har Afrilu, amma ta fi armashi tsakanin Janairu da Maris.

Noman albasar

Kalsot ba albasar da aka cire tana ɗanya ba ce. Tohon babbar farar albasa ce da aka sake dasawa bayan ta ƙosa, kuma aikinta kan ci fiye da shekara guda. Manomi yakan zuba iri a ƙarshen shekara, ya dasa, ya jira har kan albasar ya nuna a lokacin zafi, ya tone ya ajiye. Wajen Agusta zuwa Satumba sai ya mayar da kan cikin ƙasa. Kowane kai yakan fitar da toho da yawa, kuma a nan ne gwanintar manomi ke bayyana: duk sa'ad da tohon ya ƙara tsawo sai ya tara masa ƙasa a gindi, kamar yadda ake yi wa dawa a lokacin huɗa. Ana maimaita wannan sau biyu ko uku. Sashen da ƙasa ta rufe ba ya ganin rana, saboda haka yakan fito fari fat, dogo, mai laushi da zaƙi, ba shi da kaifin albasar miya. Sunan kansa ya samo asali ne daga calçar, kalmar da manoman yankin ke kiran wannan tara ƙasar da ita.

Irin da aka fi nomawa shi ne Blanca Gran Tardana de Lleida. A shekarar 2002 Tarayyar Turai ta yi wa sunan Calçot de Valls rajista a jerin amfanin gonar da aka kare sunansu saboda wurin da ake noma su. Gundumomi huɗu ne kaɗai ke da wannan izini: Alt Camp, Baix Camp, Tarragonès da Baix Penedès. Ƙa'idar ta ce farin sashen ya kai santimita 15 zuwa 25, kaurinsa kuma santimita 1.7 zuwa 2.5. Ana ɗaure su dami-dami, guda 25 ko 50, da shuɗin zare.

Asali

Mutanen Valls na danganta farawar abin da wani manomi mai laƙabin Xat de Benaiges, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 19. An ce ya ɗora tohon tsohuwar albasa a wuta, bayanta ya ƙone, da ya ɓare sai ya tarar da cikin ya dahu lugub. Labarin baka ne, kuma haka ake ba da shi. A farkon ƙarni na 20 cin kalsot abin iyalan Valls ne a ranakun hutu. Daga tsakiyar ƙarnin gidajen abinci suka ɗauke shi, baƙi daga birane suka fara tururuwa zuwa ƙauyukan yankin a ƙarshen mako.

Gashi da ci

Ba a kan garwashi ake gasa kalsot ba, harshen wuta ake so. Makamashin gargajiya shi ne busassun rassan kurangar inabi, waɗanda manoma ke datsewa a hunturu, daidai lokacin da albasar ke isa cira. Wannan haɗuwa ta amfanin gona biyu a kaka ɗaya ita ce ginshiƙin al'adar, kuma shi ya sa ta fi dacewa da filin gona fiye da ɗakin girki. Ana rage saiwa da kan ganyen, a jera albasar a kan ragar waya, sau da yawa ko wanke ƙasar jikinta ba a yi, tunda ɓawon na waje zubar da shi za a yi. Idan ta yi baƙi ƙirin ta fara tsartuwar ruwa, sai a juya. Daga wuta sai a naɗe ta dami-dami cikin tsohuwar jarida, ta ƙarasa dahuwa da tururin jikinta. Ana kawo ta a cikin kwarmin tayil ɗin jan yumɓu na rufin gida, domin yana riƙe zafi.

Da hannu ake ci, galibi a tsaye. Mai ci yakan ɗaura babban ƙyalle a wuya, ya kama koren ganyen tsakiya da hannu ɗaya, ya matse gindin da ɗayan ya ja ƙasa. Baƙin ɓawon sai ya sulɓe gaba ɗaya, farin cikin ya fito yana tururi. Sai ya tsoma a miya, ya ɗaga sama, ya karkata kai baya ya zura a baki. Yatsu sukan yi baƙi, miya ta ɗiga a haɓa, babu mai ganin aibin kowa. Babba da yaro, mai gida da baƙo, duk haka suke ci, kuma wannan sakin jiki na daga abin da ya sa mutanen yankin ke ƙaunar taron.

Miyar kuwa ana kiranta salvitxada, 'yar'uwa ce ga miyar romesco ta Tarragona. Ana daka gasasshen tumatir da gasasshiyar tafarnuwa da soyayyun 'ya'yan almon da na hazel ('ya'yan itatuwa ne masu kama da gyaɗa), da naman wani busasshen tattasai marar yaji mai suna nyora, a zuba man zaitun da ruwan khal da gishiri, wasu su ƙara gasasshen burodi don ta yi kauri. Kowane gida da irin haɗinsa, kuma akan yi gardama sosai kan na wa ya fi. Kayan haɗin ma na yankin ne: hazel ɗin Reus da man zaitun na Siurana sanannu ne.

Bayan harshen wuta ya lafa, ba a barin garwashin ya tafi a banza. A kansa ake gasa haƙarƙarin rago da botifarra, wato nikakken naman alade da aka ɗura a hanji, a ci da farin wake da burodin da aka goga wa tumatir. Abin shansu giyar inabi ce, wadda ake zagayawa da ita cikin porró, tulun gilashi mai siririn baki da ake tsiyayawa daga nesa ba tare da ya taɓa leɓe ba. Ana rufewa da lemon zaƙi da crema catalana, haɗin madara da gwaiduwar ƙwai mai ƙonannen sukari a sama.

Babban bikin Valls

Tun 1982 garin Valls ke gudanar da Gran Festa de la Calçotada a ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu. Ana hura wuta a dandali, maza da mata cikin kayan gargajiya suna gashi a bainar jama'a, dubban baƙi suna cika tituna. Akwai gasar manoma, da gasar haɗa miya, da gasar ci wadda ake ba masu fafatawa minti 45. Ba yawan albasar kaɗai ake dubawa ba: ana auna abin da aka ba mutum da ragowar da ya bari, a fitar da nauyin abin da ya ci. Valls ɗin nan kuma ita ce mahaifar castells, hasumiyar mutane da ake ginawa wani a kafaɗar wani, al'adar da UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun bil'adama a 2010.