Waiwaye: Yadda Larabci da Ibrananci suka yi musayar matsayi

A ƙarni na 10, Bayahuden Bagadaza ko na Andalus ba ya neman wanda zai koya masa Larabci. Da shi ya buɗi baki, da shi yake ciniki, Ibrananci kuwa na addu'a ne da karatun Attaura. Shi ya sa Sa'idu al-Fayyumi, malamin Yahudawa haifaffen Masar wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci don mutanensa su fahimta. Musa bin Maimun, wani babban malamin Yahudawa, shi ma da Larabci ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin a wajajen 1190, amma da baƙaƙen Ibrananci, wato irin nasu ajamin.

Aron bai tsaya nan ba. Daga nahawun Larabawa Yahuda Hayyuj ya gano cewa aikatau na Ibrananci a kan baƙaƙe uku ya ginu, kuma Dunash bin Labrat ya ɗora waƙar Ibrananci a kan aruli, wato ma'aunin waƙar Larabawa, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi daga baya. Dangantakar harsunan biyu a fili take: salam da shalom, bait da bayit. Hatta Asabar ɗinmu, ta hanyar as-sabt, 'yar uwar Shabat ce, ranar hutun Yahudawa.

Ƙarni na 20 ne ya juya al'amarin. Turawan Ingila sun sanya Turanci da Larabci da Ibrananci harsunan hukuma a Falasɗinu a 1922. Bayan kafa Isra'ila a 1948, Yahudawan ƙasashen Larabawa suka kwarara Isra'ila, daga Iraƙi kaɗai kimanin 120,000 tsakanin 1950 da 1951, suka tarar ana kallon harshen uwarsu a matsayin na abokan gaba. Iyaye suka riƙa yin sa a ɗaka, jikoki suka tashi ba sa ji. A Yulin 2018 wata doka ta sauko da Larabci daga harshen hukuma zuwa "matsayi na musamman".

Larabawa 'yan ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, tun firamare suke fara Ibrananci, domin jami'a da asibiti da neman aiki duk sai da shi. Ɗan Bayahude kuwa galibi sai a ƙaramar sakandare yake haɗuwa da Larabci, kuma fusha, wato Larabcin littafi, ake koya masa, ba Larabcin Falasɗinawa da ake hira da shi ba. Yakan iya karanta kanun jarida, ya kasa gaida mai shago. Da yawa daga masu zurfafawa kuma don aikin leƙen asirin soja suke yi, wanda ba niyyar zumunci ba ce.

Masu ƙoƙarin gyara sun fara da yara. Ƙauyen Wahatus Salam, ko Newe Shalom, wanda limamin Katolika Bruno Hussar ya assasa a 1970 kusa da Latrun, tsakanin Birnin Ƙudus da Tel Aviv, ya buɗe firamare mai harshe biyu a 1984. Amin Khalaf da Lee Gordon suka kafa ƙungiyar Yad be-Yad, wato hannu da hannu, a 1997, makarantunta na farko suka fara aiki a Birnin Ƙudus da Galili a 1998, ta garin Kafr Ƙara ta biyo baya a 2004. A ƙananan azuzuwa malamai biyu ne, Balarabiya da Bayahudiya, kowace na magana da harshenta, kuma ba a so ɗaya ta zama tafintar ɗaya, don in yaro ya san fassara na tafe ba zai saurari na farko ba.

A nan gizo ke saƙa. Malama Balarabiya na jin harsunan biyu, abokiyar aikinta sau da yawa ɗaya take ji, sai taron malamai ya koma Ibrananci. Haka a filin wasa: da zarar yaro ɗaya ya yi turus, sauran sun sauya masa. Abota na ƙulluwa, ana ziyartar gidajen juna, amma akasari da harshen mai rinjaye. Ga kuma lokacin da wasu ke bikin samun 'yancin kai, wasu na juyayin Nakba, wato raba Falasɗinawa da gidajensu a 1948, a aji guda. A Nuwamban 2014 wasu 'yan ƙungiyar Lehava, mai yaƙi da cuɗanyar Yahudawa da Larabawa, suka cinna wa ajin 'yan aji ɗaya wuta a makarantar ta Ƙudus.

In abota ta kai ga soyayya, sai doka ta sha gabanta. Isra'ila ta gaji tsarin Daular Usmaniyya, inda kowane addini ke ɗaura auren mabiyansa, babu auren rajista tsakanin mabiya addinai biyu. Masoya kan tsallaka tsibirin Kubrus a ɗaura, su dawo ma'aikatar cikin gida ta yi musu rajista. Ko da 'yar jarida Lucy Aharish, Musulma mai karanta labarai da Ibrananci, ta auri ɗan wasa Bayahude Tsahi Halevi a 2018, sai da ministan cikin gida na lokacin ya fito fili ya soki auren.