Haɗa layi biyu don VPN ya ƙara gudu, wai yana yi kuwa?

Ina da MTN da Airtel a waya ɗaya, VPN (manhajar da ke ɓoye bayanan mutum a intanet) zai ja data daga duka biyun?

A'a. Yawancin wayoyi masu sim biyu layi ɗaya ne ke jan data a lokaci guda, ɗayan yana zaune ne kawai yana jiran kira. Sannan shi VPN ɗin da aka saba, irin su WireGuard da OpenVPN, hanya ɗaya tak yake buɗewa zuwa saba (wato server, kwamfutar da VPN ke haɗa ka da ita), komai naka ta nan zai bi.

To in na sayi rauta (na'urar raba intanet) mai ɗaukar layi biyu fa?

Nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu wallahi. Galibin irin waɗannan rautocin raba aiki suke yi, wannan kwamfuta ta bi layin farko waccan ta bi na biyu, yana da amfani a ofis ko shagon kafe, amma tunda VPN naka haɗi ɗaya ne to layi ɗaya zai hau, gudunsa na nan yadda yake.

Ya ake yin haɗin na gaske kenan?

Dole sai da saba a can ɗaya ɓangaren wadda ta san da zancen. Na'urarka za ta yayyanka datar ƙanana-ƙanana ta sa musu lamba, wasu su bi wannan layin wasu su bi wancan, saba ta tattara ta jera su sannan ta miƙa wa intanet. Speedify haka yake yi, kana iya haɗa Wi-Fi da datar waya. Masu son haɗa nasu da kansu suna amfani da OpenMPTCProuter, kyauta ne amma sai ka yi hayar VPS, wato sabar haya a intanet. Fasahar da ke ƙarƙashinsa MPTCP ce, wato tsarin tura data ta hanyoyi da yawa lokaci guda, ba sabuwa ba ce ma, Apple ta sa ta a Siri tun 2013, fasahar ta kuma shiga Linux 5.6 a 2020.

Kenan layi mai gudun 10 da wani mai gudun 10 za su ba ni gudun 20?

Zai kusa in layukan sun yi kusan daidai, ɗan wani abu na tafiya wajen ɓoye bayanan. Amma in ɗaya na da jinkiri sosai sai an tsaya jiran guntayen da suka biyo ta cikinsa, wani lokacin ma gara layi mai kyaun shi kaɗai. Kuma fa ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, baya sauka, in sabar tana Turai ma ƙaruwa zai yi, masu gem ku sani.

Wa ya kamata ya yi?

Ni a ganina wanda yankewar sabis ke cutarwa, mai aiki ta Zoom ko mai laif, don in layi ɗaya ya ɗauke ɗayan zai riƙe kuma IP ɗinka, wato adireshinka a intanet, bai canza ba. Sai dai ka kula da tsarin da ke tura kowane guntu ta layukan biyu lokaci guda, wannan datar ninki biyu yake ci.