Waiwaye: Yadda Manyan Faifan Ajiya Suka Riƙa Fin Ƙarfin Tsofaffin Kwamfutoci

Har yau ana samun mai gyara ya ɗaura faifan ajiya mai gigabait 500 a tsohuwar kwamfuta mai Windows XP na farkon fitowa, ta nuna masa 128 kacal. Sai a fara zargin ɗan kasuwa da sayar da jabu, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar ce lissafinta ya tsaya a nan, kuma wannan matsala ta girmi XP nesa ba kusa ba.

Tushenta yana cikin yadda ake ƙirga wuri. Faifai a yanke yake gida-gida, kowane gida na ɗaukar bait 512, kuma kowanne da lambarsa. In gurbin da aka ware don rubuta lambar ya cika, duk gidan da ke gaba ya zama kamar babu shi. Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta XT a 1983 da faifai mai megabait 10, wa zai yi tunanin gurbin zai cika? Amma ba a jima ba DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, ya ci karo da iyakar megabait 32 a kowane ɓangaren faifai, sai da sigar 3.31 ta Compaq da MS-DOS 4.0 suka zo aka wuce ta.

Daga nan shingaye suka riƙa bin juna. Na megabait 528 ya samo asali ne daga saɓanin ƙirga tsakanin BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, da IDE, tsarin haɗa faifai da kwamfuta: wancan ba ya wuce silinda (jerin zoben da ake rubutu a kai) 1,024, wannan ba ya wuce kan karatu 16, da aka haɗa su sai kowa ya taƙaita ɗan'uwansa. Sai gigabait 2 na tsarin ajiye fayiloli na FAT16, wanda FAT32 ya warware a 1996 cikin Windows 95 OSR2, sai na gigabait 8.4, sai wasu BIOS na kamfanin Award da ke sandarewa in faifai ya haura gigabait 32. A wancan zamani kamfanonin faifai kan haɗa wa mai saye da manhaja irin su Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive, wadda ke zama a farkon faifai ta yi wa BIOS wayo. Tana aiki, amma ranar da aka tayar da kwamfuta daga fulofi, ɗan faifan cire-da-saka na wancan zamani, aka tsallake ta, ko aka kai faifan wata na'ura, sai bayanai su ƙi karantuwa. Wasu faifan ma da ɗan maƙalin roba suke zuwa a baya, in an sa shi faifan ya yi ƙaryar cewa gigabait 32 ne girmansa. Ka biya kuɗin babba, ka yi amfani da ƙarami.

Shingen da ya fi yi wa mutane ɓarna shi ne na gigabait 137, wanda Windows ke nunawa 128 saboda bambancin ƙirga. Tsarin ATA, wato ɗaya sunan IDE, ya ware bit 28 (bit shi ne gurbin 0 ko 1) don lambar gida, wato gida miliyan 268 da 'yan kai. Kamfanin faifai na Maxtor ne ya ja gaba wajen faɗaɗa shi zuwa bit 48 a 2001, aka shigar da shi cikin ƙa'idar ATA-6. Windows XP bai iya shi sosai ba sai da ƙunshin gyare-gyarensa na Service Pack 1 ya fito a 2002. Windows 2000 kuwa sai an sa Service Pack 3, sannan a shiga rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙara saitin EnableBigLba da hannu. Abin tsoron shi ne, in an tsara faifan a sabuwar kwamfuta aka dawo da shi tsohuwa, tana iya nuna girmansa cikakke, a yi ta zuba kaya hankali kwance. Da rubutu ya haura 137, lissafi sai ya kewayo farko, ya hau kan bayanan da ke riƙe da tsarin faifan gaba ɗaya. A ganina wannan ya fi ƙin ganin faifan muni, don wanda kwamfutarsa ta ƙi gani ya san yana da matsala tun ranar farko.

Na baya-bayan nan shi ne terabait 2.2, kuma laifin teburin rabon faifai ne, wato MBR, wanda tun zamanin DOS 2.0 a 1983 ake amfani da shi, mai bit 32 kacal don lambar gida. Da faifai masu terabait 3 suka shigo kasuwa a 2010, dole aka koma sabon teburin rabo, GPT. Sai dai XP mai bit 32 bai san GPT ba sam, kuma Microsoft ya daina kula da shi a watan Afrilun 2014 ba tare da ya koya masa ba. Tayar da Windows daga irin wannan faifai kuwa sai da UEFI, magajin BIOS, da Windows mai bit 64, daga Vista SP1 zuwa sama.

Shi ya sa wanda ke riƙe da XP don wata tsohuwar firinta ko injin da direbansa, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, bai san sabon Windows ba, gara ya tsaya kan faifan da bai wuce terabait 2 ba, ya tabbatar Service Pack 3 na XP yana ciki kafin ya zuba komai, manyan fayiloli kuma ya ajiye su a wata kwamfutar daban.